Daɓen Ɗakin Kaka

Invercargill, Fabrairu 1994

Zuwa ga Gwaggona Sieni, a Savai'i,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da fasto da iyalinsa, har da aladun nan naki waɗanda ba su san darajar baƙo ba. Mai wannan takarda ɗanki ne Peniamina ɗan ƙaninki Simi, wanda a wurin aiki ake kira mai koyon gini, amma a zuciyarsa ya daɗe da naɗa kansa Babban Masanin Harsashin Gini na Kudancin Duniya.

Yayanki Baffa Uelese ya sauka lafiya. Ya zo da gwaza da kifi da tabarmi, da kuma wani ƙunshi mai nauyi naɗe a tsohon zani, wanda bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba. Na tambaye shi ko rabin tsibirin ya kwaso mana, ya dube ni irin duban da ke sa mutum ya tuna yana da aiki a waje.

An auna filin bayan gida, mazan coci sun haƙa, ɗakin Kaka ya fara zama gaskiya. Kin san tun zuwanta ta ƙi kwana a cikin gidanmu na katako da ke tsaye kan ƙafafu. Gareji ta zaɓa, ta shimfiɗa tabarmarta a kan siminti, nan take zama, nan take addu'a, nan take barci. Gadon da muka saya mata ya zama ma'ajiyar zannuwa. Sanyin bara ciwon huhu ya kai ta asibiti, kuma dalilin ginin ke nan.

To ga inda masifar take, Gwaggo. A wurinku daɓe mai sanyi ni'ima ce. A nan kuwa ƙasa ɓarauniya ce: idan hunturu ya shigo, duk ɗumin da aka hura a ɗaki sai daɓe ya tsotse shi ya miƙa mata, musamman ta gefe-gefe, inda ƙanƙara ke kwanciya. Maganinsa shi ne a shimfiɗa leda a kan yashi, a jera allunan busasshen kumfa masu kauri a ƙarƙashi da kewayen gefe, sannan a ɗora ragar rodi a zuba kankare. Sai daɓen ya riƙe ɗumin rana kamar dutsen murhu bayan an kwashe wuta. Maigidana a wurin aiki ya ba ni ragowar alluna, na kawo su gida da alfaharin wanda ya ci yaƙi.

Baffa ya ɗaga guda da ɗan yatsa.

"Kai, ɗan Simi, mene ne wannan?"

"Baffa, shi ne zai raba daɓen da sanyin ƙasa."

"Ya raba?" Ya sake shi, iska ta tafi da shi gonar maƙwabta. "Ina zuba daɓen coci tun ubanka yana yawo ba wando. Guguwa ta zo ta kwashe rufi, daɓena yana nan. Yau kuma zan ɗora uwata a kan abin da ake naɗe rediyo da shi a kwali?"

Ya cire takalmi ya taka simintin gareji, ya lumshe ido. "Ji nan. Sanyi mai daɗi. Haka daɓen kirki yake."

Gwaggo, a tsakiyar zafi ya zo. Bai taɓa ganin hunturun watan Yuli a garin nan ba. Amma shi ne mai riƙe da sarautar zuri'armu, ni kuwa matsayina a taro shi ne bakin ƙofa da butar shayi. Mahaifina da aka dube shi sai ya duƙufa nazarin yatsun ƙafarsa kamar yau aka ba shi su.

Saboda haka nake durƙusawa a gaban kotun ƙoli. Kowa ya san alkawarin da ke tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwarsa: abin da kika faɗa, Baffa ba zai tsallake shi ba. Layi ɗaya daga hannunki ya isa. Ki ce a sa kumfa.

Kaka tana gaishe ki, ta ce man kwakwar da kika aiko ya yi kaɗan. Allah ya tsare ki.

Ɗanki mai biyayya, wanda iska ta wulaƙanta iliminsa,
Peniamina


Savai'i, Maris 1994

Peni,

Na gode wa Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya. Aladun suna nan, kuma sun fi ka sanin lokacin yin shiru.

Na karanta takardarka sau biyu, na farko don in tsince maganar daga cikin manyan kalmomi. Ba zan rubuta layin da ka nema ba. Maganar 'yar'uwa ba sanda ba ce da yaro zai ara ya doki babansa. Tun da muka girma ban taɓa ɗora wa Yaya Uelese ita ba, shi ya sa har yau take da nauyi.

Amma zan gaya maka abin da ba ka sani ba, domin kana ƙarami lokacin. Da kakanka ya rasu, mun binne shi a gaban gida kamar yadda ake yi, taku kaɗan daga bakin ƙofa. Daga ranar uwarmu ta janye tabarmarta zuwa bakin ƙofar. Kakanka ne ya zuba daɓen gidan da hannunsa, kuma takan ce daɓen da kabarin a kan ƙasa ɗaya suke, saboda haka ba su raba shimfiɗa ba. Shekaru tana kwana a nan. Da ciwon ƙafa ya sa dole ta bi Simi don magani, ta ƙi shiga mota sai da Yaya ya durƙusa ya yi mata alkawari: duk ɗakin da za a gina mata, daɓensa zai kwanta a kan ƙasa. Ta ce ƙasa ɗaya ce, a ƙarƙashin teku haɗe take.

Yanzu ka gane abin da ya sa ta ƙi gidanku mai ƙafafu. Ka kuma gane abin da ka faɗa wa Baffanka da bakinka, cewa ka kawo abin da zai raba ta da ƙasa. Da ka nemi kalmar da ta fi wannan muni ba za ka samu ba, duk da yawan kalmominka.

Ƙunshin da kake yi wa dariya dutse ne daga kan kabarin kakanka. Ni na wanke shi na naɗe. Nufinsa ya binne shi a ƙarƙashin daɓen. Ba zai gaya maka ba, don namiji mai sarauta ba ya zama ya bayyana wa yaro inda zuciyarsa ke ciwo. Maganar rediyo da guguwa duk mayafi ne.

Ka yi masa hidima, ka rage surutu. Zan ƙaro man kwakwa. Ka sumbaci uwata a goshi.

Gwaggonka,
Sieni


Invercargill, ƙarshen Maris 1994

Gwaggona mai daraja,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta iso, kuma Babban Masanin Harsashi ya sauka daga kujerarsa ya zauna a ƙasa. Na karɓi faɗan, ya cancanta.

Sai dai al'amura sun motsa. Iskar kudu mai sanyi ta fara busowa, kuma tari ya dawo wa Kaka. Na raka ta wurin likita don in yi tafinta. Matar ta daɗe tana sauraren ƙirjinta, sannan ta ce da ni, ba da wasa ba: huhun nan ba zai ɗauki wani hunturu a kan siminti mai sanyi ba. Idan aka sake kawo ta kamar bara, ba za su sallame ta zuwa gida ba, gidan tsofaffi za su nema mata. Kin san me wannan ke nufi. Gado mai ƙarfe a bene, baƙi su yi mata wanka, ba mai jin harshenta, ba addu'ar yamma da jikoki.

Kaka ta ja ni ta ce, "Me farar nan ke cewa?"

Na ce, "Ta ce kin fi ta kyau."

"Maƙaryaci. Wannan na sani tun da na shigo. Me kuma?"

Sai na gaya mata duka. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, in an sa kumfar nan, ɗakin zai yi ɗumi, ba mai kai ki ko'ina."

Ta ce, "Shi kuma fa?"

"Wa?"

"Kakanka mana, sakarai. In bar shi a waje ni ina ciki ina shan ɗumi?"



Na gwada Baffa ta hanyar ladabi. Bayan addu'ar yamma na kawo masa shayi, na zauna ƙasa da shi, na faɗa masa maganar likita ba ƙari. Ya riƙe kofin har ya huce. Sannan ya ce, "Za mu sayi babbar na'urar ɗumama ɗaki. Mu ninka tabarmi." Na ce garejin ma akwai na'ura, akwai tabarmi, daɓen ne ke shanye komai daga ƙarƙashinta. Ya ce, "Na yi alkawari a durƙushe, ɗan Simi. Kai ka taɓa yin alkawari a durƙushe?" Ya tashi. 

An riga an baje yashi, an shimfiɗa leda, an ɗaure rodi a kanta. An sa ranar zuba kankare Asabar ta bayan Ista. Kin san kankare: abin da ba a sa a ƙarƙashinsa ba kafin a zuba, ba za a sa shi ba har abada. Allunan suna jingine a bayan gareji na danne su da bulo.

Ban sake roƙonki ki ba da umarni ba. Na dai ajiye miki abin a gabanki yadda yake: idan ya cika alkawarinsa, za a ɗauke ta daga ƙasar gaba ɗaya, a kai ta bene. Shi ya san haka, ita ma ta sani, kuma babu wanda zai iya fara faɗa a cikinsu.

Allah ya ba ki hikimar da ya hana ni.

Ɗanki,
Peniamina


Savai'i, makon Ista 1994

Yayana Uelese,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta dace da kai da sarautar da kake riƙe mana. Na ba matar fasto wannan takarda ta kawo maka hannu da hannu, don gidan waya ba zai riski ranar ba.

Yaya, ka san ban taɓa tsayawa a gabanka da maganar 'yar'uwa ba. Lokacin rabon gona ban yi ba, lokacin da ka sayar da jirgin ruwan Baba ban yi ba. Yau na yi.

Ba cewa nake ka karya alkawari ba. Ina wurin ranar da ka durƙusa, na ji abin da uwarmu ta nema. Ƙasa ta nema. Ba ta ce faɗin ɗaki ba. A gidanmu ma ba duk daɓen take kwana a kai ba, bakin ƙofa take, kuma hannu ɗaya take miƙawa waje wajen kabarin. Na sha gyara mata mayafi, na sani.

Dutsen da na naɗe maka dogo ne. Kada ka binne shi inda ba za ta gan shi ba. Ka tsayar da shi a bakin ƙofa, gindinsa a cikin ƙasa, kansa daidai da fuskar daɓe. Sauran ɗakin ka bar yaron nan ya shimfiɗa kumfarsa. Kai ne magini, kai ka san yadda za a yi ya zauna.

Idan ka ƙi, za su kai ta inda ba ƙasa ba dutse, kuma ni da kai za mu ji labarin mutuwarta daga bakin baƙo. Ban yarda ba, Yaya. Maganata ke nan.

Na share kabarin Baba na zuba sabon farin yashi. Allah ya riƙe hannunka ranar zubi.

Ƙanwarka,
Sieni


Invercargill, Afrilu 1994

Gwaggona, Mai Shari'ar Ƙarshe,

Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Ina gabatar da rahoton abin da ya gudana.

Matar fasto ta iso ana saura kwanaki kaɗan. Baffa ya karɓi takardar da hannu biyu, ya tafi bayan gida ya karanta a tsaye a gefen ramin. Bai ci abincin rana ba. Washegari da safe ina ɗaura takalmin aiki sai na ji muryarsa.

"Ɗan Simi! Ina kwalin rediyon naka?"

"Yana bayan gareji, Baffa."

"To me kake jira, sai na aiko maka da takardar gayyata?"

Sai da muka kwance rodin da aka ɗaure gaba ɗaya. Mazan coci suka yi ta gunaguni, wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin an yi wa siminti katifa ba, ko za a sa masa matashin kai ma. Baffa ya ce, "In ka gaji ka je ka taya mata fere gwaza." Ba wanda ya sake tari.

Na jera allunan, na haɗa bakinsu ba rata, na tsayar da na gefe kewaye da harsashin. Baffa ya bi bayana yana taka kowane ɗaya da dukan nauyinsa, yana jiran ya fashe don ya sami abin faɗa. Bai fashe ba. Ya ce, "Hm." Na adana wannan "Hm" ɗin, shi ne takardar shaidar da ta fi kowace girma a rayuwata.

Sannan ya kwance ƙunshin. Baƙin dutse ne na tsibirinmu, dogo kamar damtse. A bakin ƙofa ya karɓi wuƙata ya yanke kumfar da kansa, faɗin tafin hannu, ya huda ledar, ya haƙa har ya kai ƙasa ta asali. Ya tsayar da dutsen, ya auna kansa da igiya, ya cire, ya ƙara yashi, ya sake aunawa. Ni na liƙe ledar a jikinsa don kada laima ta hau. Na ce masa a hankali, "Baffa, nan wurin zai yi sanyi fa." Ya ce, "Na sani. Don haka aka sa shi."

Ranar Asabar motar kankare ta zo. Kafin a zuba aka fito da Kaka a naɗe cikin bargo. Ta dubi farin shimfiɗar ta taɓe baki, sai idonta ya sauka a kan dutsen. Ba wanda ya gaya mata daga ina yake. Ta sa aka sunkuyar da ita, ta ɗora tafinta a kansa, ta ce, "Ka sha hanya." Fasto ya yi addu'a.

Baffa ya goge daɓen da hannunsa har yamma, bai bar kowa ya taɓa kewayen dutsen ba. Ban taɓa ganin aiki mai santsi haka ba, har maigidana da ya leƙo ya tsaya kallo. Baffa ya ce zai zauna sai an ɗora rufi an shigar da ita.

Yanzu saura hunturu ya yanke hukunci. Har zuwa lokacin mun mayar da Kaka kusa da murhu da rana, da dare kuwa ta koma garejinta, ba mai iya hana ta. Ki taya mu addu'a ginin ya riga sanyin.

Ɗanki mai godiya,
Peniamina


Invercargill, Agusta 1994

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe jinkirin, hannuna ya fi sanin guduma a kan alƙalami a watannin nan.

Mun shigar da ita kafin sanyi ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Ƙanƙara ta kwanta a kan ciyawa har ruwan famfon waje ya daskare, amma daɓen ɗakin Kaka ana taka shi ba takalmi. Rana tana shigowa ta tagar arewa, ya sha, ya riƙe har gari ya waye. Yara sun ƙaurace wa gidanmu sun tare a wurinta, tana korarsu da mafici suna dawowa. Likita ta sake sauraren ƙirjinta makon jiya. Ba ta ambaci gidan tsofaffi ba, ni ma ban tuna mata ba.

Baffa ya ga hunturunsa na farko. Ranar Lahadi na gan shi ya soke guntun kumfa a ƙarƙashin tabarmarsa a zauren coci. Na kawar da kai, domin ina son in yi tsawon rai.

Dutsen kuwa sanyi ƙarara, da safe har yakan yi gumi. Kaka ta ja tabarmarta bakin ƙofa. Na yi ƙoƙarin matsar da ita tsakiyar ɗaki, na sha mafici a kunne. Jikinta yana kan ɗumi, hannu ɗaya yana kan dutsen. Haka take barci.

Ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa ba tare da ƙawata shi da shirmena ba. Ga shi: "Ka gaya wa Sieni, a'a, kai rubuta mata kai tsaye. Sieni, na taɓa ubanki na ji yana jin sanyi kwanakin nan. Ki shimfiɗa masa tabarma."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin yadda sanyi ke bin dutse, sai na rufe.

Ɗanki,
Peni


Savai'i, Satumba 1994

Peni,

Na gode wa Allah. Ka gaishe da Yaya, ka ce masa ƙanwarsa ta gode.

Ka gaya wa uwata na shimfiɗa tabarmar a kan kabarin. Sabuwa ce, wadda na saƙa da hannuna, na danne gefenta da duwatsu don iska. Maƙwabta suna kallona a cikin wannan rana kamar na zautu, ban kula su ba.

Ka ce ta sake taɓa dutsen ta ji.

Gwaggonka,
Sieni